Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya samo rigakafin haukan kare

Duk ranar 28 ga watan Satumba, hukumomin lafiya da likitocin dabbobi a faɗin duniya kan gudanar da gangamin yaƙi da cutar haukan kare. An keɓe wannan rana ne domin ita ce ranar da masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya rasu a 1895. Pasteur bai karanci aikin likita ba, ko na mutane ko na dabbobi, amma shi da abokan aikinsa ne suka nuna wa duniya cewa ana iya yi wa kare allura ya tsira daga hauka, ana kuma iya ceton mutumin da mahaukacin kare ya riga ya ciza.

Tarihinsa ya shafi duk mai kare a gida, na gadi ne ko na farauta ko na kiwo, ya kuma shafi duk mai 'ya'yan da ke wasa a lungunan unguwa. Tambayar da mai kare ke yi a yau, wato ko allurar ba za ta cutar da dabbarsa ba, irinta ce ta hana Pasteur barci fiye da ƙarni guda da ya wuce, a lokacin da haɗarin allurar ya ninka na yanzu nesa ba kusa ba.

Haihuwa da tasowa

An haifi Louis Pasteur ranar 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa Jean-Joseph tsohon soja ne a rundunar Napoleon, wanda bayan ya tuɓe kaki ya koma sana'ar gidansu ta jima. A 1827 iyalin suka tare a wani ƙaramin gari mai suna Arbois, inda uban ya kafa majemarsa a bakin rafi. A nan Louis ya tashi cikin fatu da ruwan jima.

A watan Oktoban 1831, yana ɗan shekara takwas, wani mahaukacin kyarkeci ya afka wa mutanen yankin ya ciji da dama. Maganin da aka sani a wancan zamani shi ne a kai wanda aka ciza maƙera a ƙona raunin da jan ƙarfe. An yi haka a wata maƙera da ke kusa da gidansu, kuma duk da wannan azaba wasu daga cikin waɗanda aka ciza sun mutu. Abin ya zauna a zuciyar yaron har girmansa.

A makaranta babu wanda ya ga alamar zai yi fice. An fi saninsa da iya zane, kuma hotunan iyayensa da na maƙwabta da ya zana yana matashi suna nan ajiye har yau. Karon farko da aka tura shi karatu Paris a 1838, kewar gida ta kama shi har sai da mahaifinsa ya je ya dawo da shi bayan 'yan makonni. Ya ci gaba da karatu a Besançon, kuma a jarrabawar da ya yi a 1842 sakamakonsa a ilimin sinadarai tsaka-tsaki ne. A wannan shekarar ya ci jarrabawar shiga École Normale Supérieure, babbar makarantar horar da malamai da ke Paris, amma matsayin da ya zo bai gamsar da shi ba. Sai ya ƙi shiga, ya ƙara shekara guda yana shiri, ya dawo a 1843 ya zo na huɗu.

Daga sinadarai zuwa ƙwayoyin cuta

Sunansa ya fara fita a 1848, yana ɗan shekara 25, lokacin da ya gano cewa ƙananan duwatsun wani gishirin sinadari iri biyu ne, masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Ya zauna da matsefata a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana ware su ɗaya bayan ɗaya har ya tabbatar da bambancinsu. Daga nan aka ba shi koyarwa a Jami'ar Strasbourg, inda a 1849 ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar. Marie ta zama mai rubuta masa bayanan bincike, ta kuma tsaya masa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1854 aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a Lille, birnin masana'antu. A can wani mai masana'anta ya kawo masa kukan cewa kayan da yake sarrafawa suna tsami su lalace. Da Pasteur ya duba a madubi sai ya ga wasu ƙananan halittu masu rai ne ke yin wannan aiki. Manyan masana da dama a lokacin sun yi imani cewa irin waɗannan halittu suna tsirowa ne da kansu daga ruɓaɓɓen abu. Pasteur ya tafasa romo a cikin kwalabe masu dogon wuya a lanƙwashe, yadda iska za ta shiga amma ƙura ta maƙale a lanƙwasar. Romon ya zauna bai lalace ba, amma da an karya wuyan kwalbar sai ya ruɓe cikin kwanaki. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a 1862.

Daga wannan ilimi ya fito da dabarar ɗumama abin sha zuwa wani mataki na zafi domin kashe ƙwayoyin da ke lalata shi, dabarar da har yau ake kira da sunansa, kuma da ita ake tsare madarar da ake sayarwa a shaguna. A Birtaniya, likitan tiyata Joseph Lister ya karanta rubuce-rubucensa, ya fara tsabtace rauni da kayan aiki da sinadari, mace-mace bayan tiyata suka ragu ƙwarai.

Shekarun jarrabawa

A 1865 gwamnati ta roƙe shi ya je kudancin ƙasar, yankin Alès, inda wata cuta ke kashe tsutsar siliki tana talauta manoma. Ya shafe kusan shekara biyar a kan aikin, ya koya wa manoman yadda za su duba uwar tsutsar a madubi su zubar da ƙwan da ya kamu. Sai dai a waɗannan shekaru ne mutuwa ta yi ta ziyartar gidansa. Cikin 'ya'yansa biyar, uku sun rasu suna ƙanana: Jeanne a 1859, Camille a 1865, Cécile a 1866, biyu daga cikinsu da zazzaɓin taifot. Mahaifinsa ma ya rasu a 1865. A watan Oktoban 1868, yana ɗan shekara 45, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na hagu. Ya tashi, amma hannun da ƙafar ba su koma daidai ba, kuma duk manyan ayyukan da ya yi bayan nan da hannun mataimakansa ya yi su.

Kaji da tumaki

Tun 1796 likitan Ingila Edward Jenner ya samo rigakafin agana, amma kusan shekara tamanin babu wanda ya iya yin irinsa ga wata cuta. A tsakanin 1879 da 1880, Pasteur da mataimakansa Émile Roux da Charles Chamberland suka lura cewa ƙwayoyin kwalarar kaji da aka bari suka daɗe a kwalba sun rasa ƙarfinsu. Kajin da aka yi wa allura da su sun ɗan yi laushi sun warke, kuma da aka sa musu ƙwayoyi masu ƙarfi daga baya ba su mutu ba. Ma'ana, ana iya raunana cuta a ɗakin bincike a mayar da ita garkuwa.

Ya juya kan cutar antiraks, wadda ke kumbura saifar dabba ta kashe ta farat ɗaya. A 1881 aka ƙalubalance shi ya gwada a bainar jama'a a wata gona da ke Pouilly-le-Fort. An raba tumaki kusan hamsin gida biyu, aka yi wa rabi allura sau biyu, aka bar rabi. Ranar 31 ga Mayu aka sa wa duka ƙwayar cutar mai kisa. Ranar 2 ga Yuni jama'a suka taru suka tarar da tumakin da ba a yi wa allura ba sun mutu ko suna gargara, waɗanda aka yi wa kuwa suna tsaye suna kiwo.

Da allurar ta bazu a ƙasar, an samu garkunan da ita kanta ta kashe wasu dabbobi a cikinsu, makiyaya suka koka. Amma da aka auna, sai aka ga asarar da allura ke jawowa ba ta kama ƙafar wadda cutar ke yi ba, aka ci gaba har aka yi wa miliyoyin tumaki. Irin wannan awo ne zai sake fuskanta a kan haukan kare, sai dai a wannan karon da ran ɗan Adam a kan sikeli.

Aiki a kan karnuka

A ƙarshen 1880 ya fara binciken haukan kare. Cutar ta sha bamban da na baya, domin ƙwayarta ta yi ƙanƙanta har madubin zamanin bai iya ganinta, ba ta kuma tsirowa a cikin romo. Wani likitan dabbobi na Lyon, Pierre-Victor Galtier, ya riga ya nuna a 1879 cewa zomo na kamuwa da ita. Roux ya samo hanyar sa cutar kai tsaye a ƙwaƙwalwar dabba, suka yi ta ɗaukarta daga zomo zuwa zomo har ta tsaya a kan ƙa'ida, tana bayyana cikin kwana bakwai. Sannan suka riƙa cire lakar zomon da ya mutu suna rataye ta a cikin kwalba mai busasshiyar iska. Kullum ƙarfin cutar na raguwa, bayan kimanin mako biyu kuma ba ta iya kisa.

Da wannan laka suka riƙa yi wa karnuka allura, daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi. A 1884 wani kwamiti da gwamnati ta kafa ya binciki karnukan da Pasteur ya ba kariya ya tabbatar ba sa kamuwa, alhali da yawa daga cikin waɗanda ba a taɓa ba sun haukace. Aikin na da hatsari matuƙa, domin sai an danne mahaukacin kare kafin a ɗebi yawunsa. Da aka nemi gina masa gidan karnuka a Meudon, mutanen garin suka tayar da ƙayar baya saboda tsoro, sai aka ba shi wani wuri a Villeneuve-l'Étang.

A nan aka taso da shawarar a yi wa dukan karnukan Faransa allura. Da aka yi lissafi sai aka ga ba za ta yiwu ba: karnukan sun kai miliyoyi, kowanne yana buƙatar allurai da yawa a jere, ga wurin tsare su, ga yawan zomayen da za a yanka. Saboda haka Pasteur ya karkata ga wanda aka riga aka ciza. Ya san cutar na bin jijiya a hankali kafin ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci wata ɗaya zuwa uku, don haka akwai damar allura ta riga ta.

Yaron Alsace

Ranar 6 ga Yuli, 1885, wata mata ta zo daga yankin Alsace da ɗanta Joseph Meister, ɗan shekara tara, wanda kare ya ciza a wurare 14 kwana biyu kafin nan. Pasteur ya shiga tsaka mai wuya. Ba duk wanda mahaukacin kare ya ciza ne ke kamuwa ba, to idan yaron na cikin masu tsira, allurar na iya sa masa cutar da ba ya da ita. Idan kuwa aka bar shi alamomi suka bayyana, babu magani sai kabari. Ga shi Pasteur ba likita ba ne, idan yaron ya mutu zai iya fuskantar shari'a. Roux, wanda ya fi kowa sanin aikin, yana ganin lokaci bai yi ba, bai kuma sa hannu ba.

Likitoci biyu, Alfred Vulpian da Jacques-Joseph Grancher, suka duba raunukan suka ga yawansu da zurfinsu sun sa mutuwa ta fi kusa. A daren nan Grancher ya yi allurar farko da lakar da ta bushe kimanin mako biyu. Cikin kwana 11 aka yi wa yaron allura 13, ta ƙarshe da lakar da ta kwana ɗaya kacal, mai ƙarfin da ke kashe zomo. Pasteur ya yi ta fama da rashin barci har kwanakin suka wuce. Joseph bai kamu ba. Ya girma ya zama mai gadin cibiyar Pasteur a Paris, ya rayu har 1940.

A watan Oktoba aka kawo wani makiyayi ɗan shekara 15, Jean-Baptiste Jupille, wanda ya yi kokawa da mahaukacin kare domin ya kare ƙananan yara. Shi ma ya tsira. Ranar 26 ga Oktoba Pasteur ya sanar da Majalisar Masana Kimiyya, labari ya game duniya. A Disamba aka kawo yara huɗu daga Newark ta Amurka, a Maris na 1886 kuma Rashawa 19 daga yankin Smolensk da kyarkeci ya yayyaga, 16 daga cikinsu suka koma gida da rai. Kafin farkon Maris ɗin an yi wa mutum 350 allura, ɗaya kawai ta mutu: Louise Pelletier, 'yar shekara 10, wadda ba a kawo ta ba sai bayan kwana 37 da cizon.

Suka da abin da aka gano daga baya

Nasarar ba ta rufe bakin masu suka ba, kuma ba duka sukar ce ta hassada ba. A farkon 1887 wani babban likita, Michel Peter, ya tsaya a Majalisar Likitoci ya zargi allurar da kashe wasu da ba don ita ba da sun rayu. Wani kwamiti daga Birtaniya ya bincika a shekarar ya goyi bayan Pasteur. Duk da haka, an tabbatar daga baya cewa rigakafin da ake yi da laka ko ƙwaƙwalwar dabba kan jawo shanyewar jiki ga 'yan kaɗan daga cikin waɗanda aka yi wa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina amfani da irinsa.

Pasteur ya umarci iyalinsa kada su nuna wa kowa littattafan da yake rubuta gwaje-gwajensa. Sai a 1964 jikansa ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na ƙasa. Masanin tarihi Gerald Geison na Amurka ya nazarce su ya fitar da littafi a 1995, inda ya nuna cewa allurar da aka yi wa tumakin Pouilly-le-Fort da sinadari aka raunana ta, hanyar da ta yi kama da ta abokin hamayyarsa Jean-Joseph Toussaint, kuma Pasteur bai bayyana hakan ba. Ya kuma nuna cewa kafin Meister an gwada allurar a kan marasa lafiya biyu ba a sanar ba, sannan tsarin da aka bi a kan yaron ba a gama gwada shi a kan karnuka ba. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan. Abin da ya fito fili shi ne kasadar da aka yi da yaron ta fi yadda aka faɗa wa duniya girma.

Ƙarshen rayuwa

Gudummawa ta yi ta kwarara daga talakawa da sarakuna, ciki har da Sarkin Rasha Alexander na Uku, da Sarkin Brazil Pedro na Biyu, da Sultan Abdulhamid na Biyu na Turkiyya. Da ita aka gina Cibiyar Pasteur a Paris, aka buɗe ta ranar 14 ga Nuwamba, 1888. A lokacin ƙarfinsa ya riga ya ƙare, domin ciwon shanyewar jiki ya sake buge shi a 1887. A 1892 aka yi bikin cikarsa shekara 70 a Jami'ar Sorbonne, Shugaban Ƙasa Sadi Carnot ya shigo da shi riƙe da hannunsa, Lister ya zo daga Birtaniya ya rungume shi. Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895, a Villeneuve-l'Étang, wurin da ya ajiye karnukansa na gwaji. Kabarinsa na cikin cibiyar da ke ɗauke da sunansa, wadda a yau take da 'yan'uwa a Dakar da Yawunde da wasu biranen Afirka.

Yadda lissafin ya koma a yau

Abin da Pasteur ya ga ba zai yiwu ba a zamaninsa shi ne ya zama babban makami bayansa. A 1921 masana a Japan suka fito da allurar kare da za a iya yi wa dubbai, a 1950 ƙasar ta wajabta ta da doka, kafin ƙarshen shekarun 1950 cutar ta ɓace a can. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Meziko ta kawar da haukan da mutane ke ɗauka daga kare. A N'Djamena ta Chadi, gangamin 2012 da 2013 ya kai ga kimanin kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin, cutar ta lafa na wani lokaci kafin ta sake shigowa daga waje, abin da ya nuna cewa sai an dage ana maimaitawa.

Har yanzu an ƙiyasta cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A ɗaya ɓangaren sikelin, yawancin allurar haukan kare ta zamani da matacciyar ƙwaya ake yin ta, wadda ba ta iya sa cutar. Abin da aka fi gani bayanta shi ne ɗan kumburi a wurin, ko kasala da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Jefi-jefi akan samu karen da jikinsa ya ƙi ta, fuskarsa ta kumbura ko ya yi amai ko numfashinsa ya sarƙe, wanda dole a mayar da shi wurin likita nan take. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 a kan karnuka fiye da miliyan 1.2 ya samu matsala a kimanin 38 cikin kowane 10,000 da aka yi wa allurai daban-daban, kuma ƙananan karnuka da waɗanda aka haɗa wa allurai da yawa a rana ɗaya sun fi fuskantarta.

Saboda haka likitocin dabbobi ke cewa a fara yi wa ɗan kwikwiyo allurar hauka yana wata uku, a maimaita bayan shekara, sannan a ci gaba bisa ƙa'idar allurar da dokar wurin. Ba a yi wa kare mara lafiya sai ya warke, kuma allurar da ba a ajiye cikin sanyi ba aikin banza ce, don haka asibitin dabbobi ya kamata a nufa a kuma karɓi takardar shaida. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da rigakafin dabbobi, har da na haukan kare. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga alama.